Waya, Kunya da Ɗan Rakiya a Ɗakin Ganin Likita: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa yin asubanci zuwa babban asibiti ya san yadda abin yake: a fito bayan sallar asuba, a ajiye kati a kan tebur, a zauna a benci har rana ta take kafin a kira suna. Abin takaicin shi ne, bayan an sha jiran awa huɗu ko biyar, sai mutum ya shiga ɗakin likita ya ɓarar da 'yan mintocin da ya zo dominsu. Na shafe shekaru ina raka mahaifina asibiti saboda hawan jini, kuma tambayoyin da ke nan irin waɗanda ake yi ne a kan bencin jira, wasunsu ma ni kaina na taɓa yin su.

Amsa waya ta minti ɗaya a gaban likita har ta kai abin magana?

Ta kai, domin mintin ba ƙaramin kaso ba ne a cikin lokacin da aka ware wa majinyaci. A shekarar 2017 mujallar likitanci ta BMJ Open ta buga wani nazari da ya tattara bayanai daga ƙasashe 67 kan tsawon lokacin da majinyaci yake samu tare da likitan da ake fara gani idan an je asibiti, inda aka ga cewa a Bangladesh sakan 48 ne, a Suwidin kuwa minti 22 da rabi, kuma ƙasashen da suke ɗauke da kusan rabin mutanen duniya ba su wuce minti 5 ba. Wanda ya ga layin marasa lafiya a Asibitin Murtala da ke Kano ranar Litinin ba ya buƙatar a gaya masa wane ɓangare muka fi kusa da shi.

Asarar ba ta tsaya ga mintin kaɗai ba. Likita yana bin zare ne: ya ji an ce ciwon ciki, ya tambayi wane gefe, amsar ta kai shi ga tambaya ta gaba, ita ma ta kai shi ga wata. Idan waya ta katse zaren a tsakiya, ba lallai ba ne a koma daidai inda aka tsaya, kuma sau da yawa tambayar da ta faɗi a hanya ita ce wadda za ta bambance gyambon ciki da ciwon zuciya.

Na taɓa zama da Baba a wani ɗaki da likitoci biyu suke aiki, kowa da teburinsa. A ɗaya teburin wani dattijo ne ɗan kasuwar hatsi, likita ta ɗora masa abin sauraren ƙirji a baya tana cewa ya ja numfashi, sai wayarsa ta yi ƙara a aljihun gaba. Ya ɗaga mata hannu alamar ta dakata, ya shiga ciniki a kan buhun masara, har da rantsuwa cewa ba zai rage ko sisi ba. Ta tsaya riƙe da abin aikinta har ya gama. Da ya ajiye wayar ya ce, "Yi haƙuri 'yata, ina muka tsaya?" Ba mugun mutum ba ne, kuma na tabbata da a gaban hakimi ko alƙali yake da bai taɓa wayar ba. Taura biyu ba ta taunuwa, sai dai mun saba ɗaukar ɗakin likita a matsayin wurin da za a iya gwadawa.

Shin magana ko danna waya yana canza sakamakon awo?

Yana canzawa, musamman awon jini. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya suke bi ita ce mutum ya zauna shiru na kimanin minti 5 kafin a ɗaura masa abin awo, ya jingina bayansa, ƙafafunsa biyu a ƙasa ba tare da ya harɗe su ba, hannunsa a kan tebur daidai da ƙirjinsa. Magana a lokacin awo tana iya ɗaga lambar sama da kusan 10, haka ma riƙe fitsari. Tunda daga 140 bisa 90 ake fara zancen hawan jini, mutumin da jininsa yake 132 zai iya tsallaka iyaka saboda kawai yana gardama a waya, a sa shi dawowa asibiti ko a ƙara masa maganin da ba ya buƙata. Goro, kofi da taba su ma suna ɗaga jini, don haka a bar su na aƙalla rabin awa kafin awo.

Sauraren ƙirji kuma aikin kunne ne. Ƙarar da likita yake nema a huhu ko a zuciya siririya ce ƙwarai, kuma muryar majinyacin kansa tana shiga kunnen likitan da ƙarfi ta rufe ta.

Idan ina jiran kira mai muhimmanci, ko kuɗin maganin ma ta waya za a turo mini, yaya zan yi?

A faɗa wa likita tun da aka zauna: "Likita, a yi mini uzuri, na bar mara lafiya a gida, idan an kira zan ɗaga." Mafi yawan likitoci ba za su ƙi ba, domin abin da ya fi ɓata rai shi ne a yanke mutum yana tsakiyar magana ba tare da ko neman izini ba. In ba haka ba, a kashe ƙarar wayar tun a bakin ƙofa, a sa ta a jaka ko a aljihu, kada a kife ta a kan tebur inda ido zai riƙa komawa gare ta. Saƙon shigar kuɗi ba ya gudu.

Wayar tana da amfaninta a ɗakin. Idan sakamakon gwaji yana cikin WhatsApp, ko an ɗauki hoton kwalin magani ko na ƙurjin da ya fito wa yaro jiya da dare, a nemo hoton tun ana kan benci. Neman hoto ɗaya a cikin hotunan biki guda dubu alhali likita yana jira shi ma ɓata lokaci ne.

Akwai wuraren da haramcin ba na ladabi ba ne kawai. Ɗakin hoton MRI yana da maganaɗisu mai tsananin ƙarfi, ba a shiga da waya, makulli, tsabar kuɗi ko allurar ɗaura mayafi. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya kuma ana shawartarsa ya nisanta waya da ita da kimanin santimita 15, wato kada ya sa ta a aljihun ƙirji na gefen da na'urar take.

Mu mutane ne masu gaisuwa. Rashin ladabi ne a taƙaita ta?

Ba rashin ladabi ba ne. Sallama, "ina kwana, yaya aiki," sun wadatar, kuma barin su gaba ɗaya shi ne abin zargi. Matsalar gaisuwarmu a asibiti ba tsawonta ba ce, amsarta ce. An horar da mu tun muna yara cewa idan aka ce "yaya jiki" a ce "da sauƙi," ko da mutum bai runtsa ba a daren. Wannan kyakkyawar ɗabi'a ce a zaure, amma idan likita ya tambaya, aiki yake yi, kuma abin da aka faɗa shi zai rubuta. Na sha ganin Baba ya ce "Alhamdu lillahi, da sauƙi sosai," alhali kwana uku ƙafarsa tana kumbure. Ana iya gode wa Allah sannan a ci gaba da bayani, babu saɓani a tsakaninsu.

Bayanin da yake taimakon likita yana da sassa sanannu. Yaushe abin ya fara, kwana nawa ko wata nawa? A ina yake, kuma a nuna wurin da hannu. Wane irin ciwo ne, suka ne, zafi ne kamar barkono, murɗa ce, ko nauyi kamar an ɗora dutse? Me yake tayar da shi, me yake kwantar da shi? "Jikina ne duk ba daɗi" gaskiya ce, amma ba ta nuna hanya.

Sai kuma kalmominmu masu faɗi. Basir a bakin wani zubar jini ne wajen bayan gida, a bakin wani kumburin ciki, a bakin na uku kuma raunin mazakuta. Sanyi yana iya nufin ciwon gaɓoɓi, yana iya nufin fitar ruwa daga gaba. Ciwon shawara ma haka yake. Idan aka ambaci irin wannan suna, a bi shi da abin da ake gani da abin da ake ji. Haka nan mai shigowa ya ce "taifot da maleriya ne suke damuna" ya ba da hukunci ne kafin a saurari shari'a, kuma yana iya jan hankalin likitan da ya gaji zuwa inda cutar ba ta nan.

Akwai abin da nake jin nauyin faɗa. Dole ne sai na faɗa?

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A ganina kunya ta fi waya raba hankalin majinyaci, sai dai ita ba ta ƙara, don haka ba a lura da ita. Mutum yana zaune yana amsa tambayoyi a kan ciwon kai, amma zuciyarsa tana kan yadda zai fara zancen jinin da yake gani a fitsari ko ƙullutun da ya fito a mama. Sai an rubuta magani, ya miƙe ya kama ƙofa, sannan ya juyo ya ce, "Af, likita, na manta." A lokacin an riga an kira na gaba, kuma abin da ya kawo shi asibiti shi ne zai samu sakan talatin.

A fara da abin da ya fi tayar da hankali, ko da da kalma ɗaya ce: "Akwai wata matsala ta ɓoye da nake son faɗa." Likita zai ja sauran. Mace tana da damar neman a kira ma'aikaciya ta tsaya a ɗakin lokacin da za a duba ta, ko ta tambaya ko akwai likita mace, tare da sanin cewa ba kowane asibiti yake da ita a kowace rana ba. Game da sirri kuwa, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatan lafiya a Najeriya riƙe bayanan majinyaci, ba a fitar da su sai da izininsa a rubuce, ko da umarnin kotu ko wata doka, ko idan ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin haɗari.

Mene ne aikin ɗan rakiya, kuma mutum nawa ya kamata su shiga?

Mutum ɗaya ya isa. Aikinsa shi ne ya taimaka wa majinyaci tafiya, ya riƙe takardu, ya tuna abin da aka manta, ya saurari bayanin magani. Ba aikinsa ba ne ya amsa tambayar da aka yi wa mai jiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma maigidan da yake cewa "ba ta jin komai sai jiri" ba shi ne ya kwana da ciwon ba. Idan likita ya ce, "Alhaji, a ɗan ba mu wuri," ba raini ba ne kuma ba zargi ba ne. Akwai tambayoyin da mace ba za ta amsa a gaban surukarta ba, akwai waɗanda saurayi ba zai amsa a gaban mahaifinsa ba.

Idan ɗan rakiya ne tafinta, kamar inda likita ba ya jin Hausa ko majinyaciya Fulatanci kaɗai take ji, to ya faɗi abin da aka ce yadda aka faɗe shi, kada ya tace, kada ya gyara don a ji daɗi.

Wajen yara akwai wani kuskure da ya yi yawa, wato a aiko yaro da wanda bai san komai game da ciwonsa ba. Wani lokaci kunyar ɗan fari ce take sa uwa ta zauna a gida a turo kaka, wani lokaci kuma aiki ne ya yi yawa aka haɗa shi da yayarsa 'yar shekara goma sha biyu. Likitan yara zai tambayi sau nawa ya yi gudawa, ko yana kama nono, ko ya yi fitsari tun safe, ko ya suma, da kuma ko an yi masa rigakafin mako 6, 10 da 14 da na ƙyanda a wata 9. Wadda ta kwana da shi ita ce take da waɗannan amsoshi, kuma ta zo da katin rigakafinsa.

Zan faɗa wa likita cewa na sha maganin gargajiya ko na kemis? Ba zai yi mini faɗa ba?

Wani zai yi, kuma bai kamata ba, amma faɗan minti ɗaya ya fi sauƙi a kan haɗa magunguna biyu da ba sa jituwa. A faɗi jiƙo, tsimi, saiwa, garin da ake sha a kunu, maganin ƙarfin maza da kayan mata. A faɗi ƙwayoyin ciwon jiki da ake saya a kemis, domin irin su ibuprofen da diclofenac suna tayar da gyambon ciki, suna ɗaga hawan jini, kuma yawan shansu yana taɓa ƙoda. Wanda Septrin ko Fansidar suka taɓa sa wa ƙuraje ko ɗayewar fata ya faɗa kafin a tambaye shi, saboda maimaita su yana iya zama barazana ga rai.

Hanya mafi sauƙi ita ce a zuba duk abin da ake sha a leda ɗaya a zo da shi, har da kwalayen da suka ƙare. "Wata 'yar farar ƙwaya ƙarama" ba suna ba ne. Mai ciwon suga da yake niyyar azumi shi ma ya faɗa tun kafin watan ya kama, domin a daidaita masa lokutan magani.

Ina fita daga ɗakin nake manta abin da aka ce. Ni kaɗai ne?

Ba kai kaɗai ba ne. Wani bita da masanin ƙwaƙwalwa Roy Kessels ya buga a 2003 ya nuna cewa majinyata suna manta kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari na bayanin likita nan take, kuma kusan rabin abin da suka riƙe ma ba daidai suka riƙe shi ba. Wannan ga wanda yake saurare ke nan.

Ni kaina na ɗanɗana. Wata rana aka canza wa Baba maganin hawan jini, muka je tagar karɓar magani, mai ba da maganin tana bayani sai aka kira ni daga wurin aiki. Na sa waya a kunne ina gyaɗa mata kai. Abin da ta ce shi ne sabon ya maye gurbin tsohon, ni kuwa na ɗauka ƙari ne a kansa. Kwana huɗu Baba yana shan duka biyun, har ranar da ya taso daga sujada jiri ya ɗebe shi, Allah ya sa bango yana kusa. Da muka koma aka tambaye ni, ban sami wanda zan ɗora wa laifi ba. Baba ya dube ni ya ce, "Kai da na ɗauko don ka zama kunnena."

Tun daga ranar nake maimaita bayani da bakina kafin mu tashi: "Wato wannan guda ɗaya da safe, wancan kuma a daina shi, mu dawo bayan mako huɗu. Haka ne?" Sakan goma ne, kuma a nan ake kama kuskure. A rubuta da boko ko da ajami, ko a roƙi mai ba da magani ya zana alama a jikin kwalin. Akwai magungunan da tsarinsu yake buƙatar kunne biyu. Maganin maleriya Coartem na babban mutum ƙwaya 24 ne, ana shan huɗu-huɗu sau 6 cikin kwana 3, na biyu yana zuwa awa 8 bayan na farko, kuma ana so a sha shi da madara ko abinci mai maiƙo. Maganin tarin fuka wata 6 ne aƙalla, kuma wanda ya ji sauƙi a wata na biyu ya ajiye yana iya dawowa da nau'in da ba ya jin magani.

Zan iya naɗar muryar likita ko ɗaukar bidiyo?

A nemi izini tukuna, a kuma faɗi dalili, misali don a kunna wa ɗan da yake sayen maganin. Likitoci da yawa za su yarda, wasu asibitocin kuma sun hana, kuma a bi dokar wurin. Naɗa a ɓoye tana kashe amana idan ta fito fili.

Hoton wasu majinyata kuwa babu hujjarsa ko kaɗan. Wanda yake kwance a gadon kusa, ko wanda aka shigo da shi daga haɗarin mota jini yana zuba, bai ba kowa izinin sa shi a Facebook ko TikTok ba, kuma akwai iyalan da a can suka fara ganin ɗan'uwansu kafin a sanar da su. Ko bidiyon neman taimako za a yi wa ɗan'uwa, a tambaye shi, a kuma rufe masa jiki.

Na makara, ko na ga an shigar da wanda ya zo bayana. Me ya dace?

Wanda ya makara ya je wurin nas ya faɗa, ya karɓi matsayin da aka ba shi. Wanda ba zai sami zuwa ranar da aka ba shi ba ya nemi a canza masa, domin a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Shika kowane sashe yana da ranakun ganin majinyatansa, kuma tsallake rana ɗaya yana iya zama jiran makonni. A kuma riƙe sharaɗin gwaji: awon suga na safe yana buƙatar a yi aƙalla awa 8 ba a ci komai ba sai ruwa, kuma kofin koko ɗaya ya isa ya mayar da mutum gida.

Shigar da wani kafin kai iri biyu ne. Yaron da yake jijjiga, mai ciki da take zubar da jini, mai ciwon ƙirji da numfashi yake yi wa wuya, waɗannan ba sa bin layi a ko'ina cikin duniya, kuma dokar 2014 ɗin nan ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Na biyun shi ne alfarma, wato mai babbar riga da ya san wani a ciki. Wannan zalunci ne ga tsohuwar da ta taso daga ƙauye tun duhu, kuma mai neman a yi masa ya san haka.

To idan likitan ne yake danna waya, ko yake katse ni, ko yake yi mini tsawa fa?

Yana faruwa, kuma ba adalci ba ne a yi zancen ladabi a ɗora shi duka a kan mara lafiya. Tun a 1984 wasu masu bincike biyu a Amurka, Beckman da Frankel, suka naɗi ganawar likitoci da majinyata suka gano cewa a matsakaici bayan sakan 18 ake katse majinyaci a bayaninsa na farko. A wurinmu an ƙara da gajiya, ƙarancin ma'aikata da ficewar likitoci zuwa ƙasashen waje, amma duk wannan bayani ne, ba lasisin wulaƙanci ba.

Kafin a yanke hukunci, a sani cewa wani lokaci likita yana duba adadin magani ne a wayar, ko ana kiransa daga ɗakin kwanciya a kan wanda jikinsa ya rikice. Wanda ya san aikinsa zai ce "yi haƙuri, daga ɗakin haihuwa ne." Idan abin ya yi yawa, a yi shiru har ya ɗago, sannan a ce, "Likita, ban gama bayanina ba, akwai abu ɗaya da ya rage." Wannan ba rashin kunya ba ne.

Idan wulaƙanci ne na gaske, akwai inda ake kai kuka. Asibitocin gwamnatin tarayya suna da ofishin SERVICOM, tsarin da aka kafa a 2004 don karɓar koken jama'a. A 2018 an ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyata a Abuja, wanda ya ƙunshi haƙƙin samun bayani da yaren da mutum yake fahimta, da haƙƙin sirri, da haƙƙin a mutunta shi. Manyan laifuka na aiki kuma ana kai su Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya. A rubuta rana, lokaci da abin da ya faru. Zagin nas ko ɗaga mata hannu kuwa laifi ne da zai iya kai mutum gaban 'yan sanda, kuma majinyacinsa ne zai rasa mai jinya.

Na ga bayanin cutata a intanet. Laifi ne in kawo zancen?

Ba laifi ba ne idan tambaya ce: "Na ji ana cewa kaza, yaya gaskiyarsa?" Abin da ba ya kyau shi ne a miƙa wa likita waya a ce ya saurari saƙon murya na minti bakwai, ko a dage sai an yi allura ko ƙarin ruwa saboda an ɗauka ƙwaya ba ta da ƙarfi. Mura ba ta jin maganin kashe ƙwayoyin bakteriya, kuma likitan da ya ƙi rubuta shi ba rowa ya yi ba.

Masu dubiya fa, idan likitoci suka shigo zagaye?

Su fita har a gama, a bar mai jinya ɗaya. Dubiya lada ce, amma gajeriyarta ta fi, kuma ɗakin kwanciya na mutum goma ne ko fiye, wasu a cikinsu daren jiya aka fito da su daga tiyata. A rage murya, kada a kunna waya a fili, kada a zauna a kan gado, kada kuma a ba majinyaci abinci ko ruwan rubutu kafin a tambayi nas, domin mai jiran tiyata ana hana shi ci da sha na awoyi, kuma kurɓi ɗaya yana iya sa a ɗaga aikin. Mai tari ya rufe bakinsa, ko ya bari sai ya warke ya zo.

Likita ya ba ni lambarsa. Yaushe ya dace in kira?

A tambaye shi tun lokacin da ya bayar: kira yake so ko saƙo, kuma a wane lokaci. Saƙo ya fi sauƙi, a fara shi da sallama, sunan majinyaci, ranar da aka gan shi da kuma tambayar kai tsaye, maimakon "salam" kaɗai a zauna jiran amsa. Kada a raba lambar ga dangi da maƙwabta ba da izininsa ba, kada kuma a nemi ya rubuta wa wanda bai taɓa gani ba magani ta waya.

Akwai alamomin da ba a tsayawa neman lambar kowa a kansu: karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki farat ɗaya, ciwon ƙirji mai tsanani da gumi, jijjiga, zubar jini ga mai ciki, yaron da ya kasa shan komai ko ba a iya tashinsa daga barci. A irin waɗannan a nemi mota a wuce sashen taimakon gaggawa mafi kusa, a ɗauki kati da ledar magani, in ya so a kira likitan a hanya.